Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar NMDPRA, mai sa ido kan tacewa da rarraba man fetur, kan fetur mai etanol da injinan jiragen ruwan Legas

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu gyaran injinan jiragen ruwa ne da ke aiki a Apapa da Ikorodu. Tun 2007 Najeriya ke da tsarin gauraya fetur da etanol (sinadarin barasa da ake tacewa daga amfanin gona) kashi 10 cikin 100, wato E10. Roƙonmu shi ne duk ranar da za a zuba shi a gidajen mai, a tuna da waɗanda ke kan ruwa.

Etanol yana zuƙar danshi daga iska. Tankin jirgi kuwa yana da kafar shan iska, ga laimar Legas dare da rana. E10 yana iya riƙe ruwa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 kawai: a tanki mai lita 25, kusan rabin kofin shayi ke nan. Da ya wuce haka, etanol da ruwa sai su rabu da fetur su kwanta a ƙasa, daidai inda tiyo ke jan mai. Yawancin injinan da ke ɗaukar fasinja a nan irin waɗanda ake haɗa musu baƙin mai a cikin fetur ne, galibi lita 1 ga lita 50. Baƙin man yana zama a sama tare da fetur, injin kuma ya sha na ƙasan tsura. Ko dai ya mutu nan take, ko fistin ya ƙone. Mota idan ta mutu sai a gangara gefen titi. Jirgi cike da mutane a tsakiyar ruwa tsakanin Ikorodu da tashar CMS da ke tsibirin Legas, igiyar ruwa na dukansa, ba shi da gefe.

Bayan wannan, etanol yana cin tsohon tiyon roba da robobin kafireta, yana narkar da tsohon tankin faiba, yana kuma ɓamɓaro dattin da ya daɗe a tanki ya toshe jet, wato ƙaramar kafar da mai ke bi a cikin kafireta. Ƙarfinsa ma bai kai na fetur ba, don haka lita ɗaya ta E10 tana rage tafiya da kusan kashi 3 cikin 100. Ga kuma rogo da rake da ake yin sa da su, abinci ne. Idan masana'antu suka shiga kasuwar rogo, mai sayen gari ne zai ji a jikinsa.

Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo ƙasar, injina suka lalace kafin a gane.

Muna roƙo a wajabta rubuta adadin etanol a jikin kowane famfo, kuma a hana wuce kashi 10, domin iyakar abin da masu ƙera injinan suka yarda da shi ke nan. A haɗa kai da hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta Jihar Legas da NIWA ta tarayya, a tanadi fetur marar gauraye a tashoshin jiragen ruwa, a kuma tilasta sa filtar da ke raba ruwa da mai a kowane jirgin fasinja. Gwajin ma ba wuya: a zuba ruwa mililita 10 a kwalba, a yi alama, a ƙara fetur mililita 90, a girgiza a bari ya kwanta. Idan na ƙasan ya haura alamar, akwai gauraye. Jami'anku za su iya yin wannan a bakin ruwa kafin a loda fasinja.

Allah ya taya ka riƙo.

Masu gyaran injinan jiragen ruwa,
Apapa da Ikorodu, Legas