Kira ga masu fara goge fentin mota da inji a Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da ƙannenmu masu wankin mota a nan Damagaram, waɗanda suka fara sayen injin goge fenti suna haɗa shi da sana'arsu. Mun ji daɗin haka, don aiki ne da ya fi wanki zalla kawo kuɗi. Abin da ke damunmu shi ne motocin da ke fitowa daga hannunsu da ƙyallin mako guda da lahanin da ba ya gyaruwa, kuma tushen abin rashin sanin yadda fentin kansa yake ne.

Fentin da kamfani ke yi wa mota hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗar ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani ruwa garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira berni. Duka in an haɗa, kaurinsu yakan tsaya tsakanin maikuron 100 da 150, wato kusan kaurin fallen takarda, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bernin shi kaɗai wajen 40 zuwa 50 ne, bai kai silin gashi ba. Zane-zanen nan masu kama da saƙar gizo, waɗanda ake gani a jikin baƙar mota in ta tsaya a rana, duk a cikin bernin suke. Inji ba ya cike su. Abin da yake yi shi ne kankare bernin da ke kewaye da zanen har wurin ya sauko daidai da zurfinsa. Gugar sama-sama takan ci maikuron 2 ko 3, mai ƙarfi ta ci 5 ko fiye, kuma abin da aka ci ba ya tsirowa. Wannan bernin shi ke kare launi daga rana, ranar Damagaram kuma a Afrilu da Mayu kowa ya san ta, zafi sama da digiri 40. In ya yi siriri da yawa, sai rufin mota da murfin inji su fara fari-fari suna ɓarewa kamar saɓar maciji. Daga nan sai sabon fenti.

Saboda haka kafin ka jona inji, ja farcenka a kan karcen. In farce ya maƙale, ya yi zurfin da guga ba za ta fitar da shi ba, iyaka ka rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido. In ka zuba ruwa ya ɓace, ya dawo bayan ya bushe, to wannan guga za ta iya fitar da shi. In kana hango fari ko toka-toka ko ƙarfe a cikinsa, tura mai motar wurin mai fenti, ka faɗa masa gaskiya tun da wuri.

Daga ina zanen yake zuwa? Mafi yawansa daga tsumman safe. A lokacin hunturu mota takan kwana ta tashi da ƙura, yaro ya ɗauko busasshen ƙyalle ya bi ta da shi yana zagayawa. Ƙurar nan yashi ne niƙaƙƙe, yashi kuma ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, don haka kowace shara karta ce. Sai wankin bokiti ɗaya da soso ɗaya, wanda aka wanke taya da shi aka hau ƙofa. Mun san halin ruwa a garin nan, mun san sau da yawa daga hannun ƴan garuwa ake saye, amma gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. A fara kwarara ruwa daga sama ya tafi da ƙurar kafin hannu ya taɓa jiki. A ajiye bokiti biyu na lita goma-goma, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ruwa zalla da za a riƙa ɗauraye soso kafin a mayar da shi cikin kumfa. Daga rufi ake saukowa, taya da ƙasan ƙofofi su zo ƙarshe da nasu soson daban. Garin sabulun wankin kaya a bar wa kaya: yana cire kakin da ke kare fenti, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karta.

Bayan wanki, sa hannu cikin siririyar leda ka shafa murfin inji. In ka ji tsaki-tsaki, akwai dattin da ya kafe a jikin fenti. Akwai wata laka ta musamman mai kama da danƙo da ake sayarwa don haka. Ka fesa ruwan sabulu, ka ja ta gaba da baya ba tare da dannawa ba, kana naɗe ta in ta yi datti. In ta faɗi ƙasa, jefar da ita, ta riga ta kwashi yashi.

Wurin aiki ya zama inuwa, gara ma ɗaki ko rumfa mai katanga, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ranar da iska ke tashi da ƙura a ɗage aikin. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin soson inji za ta zana ƙofa gaba ɗaya kafin ka ankara. Ɗora bayan hannunka a jikin motar, in da zafi, jira ta huce. Sannan ka bi bakin roba, baƙaƙen robobin gefe, tambarin mota da duk wani kaifin lanƙwasa da salatif na takarda irin na masu fenti. Fenti ya fi siriri a kan kaifi, nan ake fara hudawa.

Injin iri biyu ne. Akwai mai juyi kai tsaye, wanda ƙwararru ke riƙewa a juyi 1000 zuwa 1500 a minti, yana aiki da sauri yana kuma ƙona fenti da sauri. Akwai mai juyi yana kaɗawa, wanda ake rubuta DA a kwalinsa. Shi ne na mai koyo, don ba ya tara zafi wuri ɗaya, in an danne shi da yawa ma juyin tsayawa yake. Abin da muke roƙo da babbar murya: kada a ɗaura soso a injin yankan ƙarfe na masu walda. Wancan yana juyi sama da 10,000 a minti, daƙiƙa kaɗan sun isa ya kai ga ƙarfe.

Ka nemi soso mai faɗin milimita 125 zuwa 150, mai tauri da matsakaici da mai laushi, aƙalla huɗu don mota ɗaya. Kada ka dogara da launinsu, kowane kamfani da nasa, karanta kwali. Man guga ma biyu ne, mai kaushi da mai laushi. Kullum da mai laushi da matsakaicin soso ake fara gwaji a ɗan wuri guda. In ya fitar da zanen, shi ke nan, da shi za a bi motar duka. Sai in ya kasa ake hawa mataki na gaba.

Ɗiga man sau huɗu ko biyar a kan soso, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake. Zaɓi fili santimita 50 a kan 50, ka dangwala soson nan da can, ka ɗora shi a jiki kafin ka kunna, in ba haka ba man zai fantsama har gilashi. Baje shi a lamba 1 ko 2 ta gudun injin DA, sannan ka ƙara zuwa 4 ko 5. Hannu ya yi tafiyar hawainiya, santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, sau ɗaya a kwance sau ɗaya a tsaye, har zagaye huɗu zuwa shida. Soso ya kwanta shimfiɗe, kada ya karkata. Ja layi da alƙalami a bayan farantin injin: in ka ga layin ya daina zagayawa, ka danne da yawa ko ka karkace, aiki ya tsaya. Wayar wuta a kafaɗa, kada ta riƙa jan jikin motar. Bamba ta roba ba ta sakin zafi kamar ƙarfe, a can rage gudu, kada ka daɗe.

Man da ya yi yawa yana jiƙe soso ya hana shi ci. In ya bushe yana zama gari, ko wurin ya yi zafi ne ko soson ya cika, sai ka goge shi da buroshi bayan kowane fili, ka canza shi bayan ƙofa biyu ko uku. In ka ga launin motar a jikin soso, dakata. Wasu tsofaffin motoci, musamman farare da jajaye, fentinsu ba shi da berni, fitar launi a wurinsu ba laifi ba ne. Amma in motar mai berni ce, ka huda shi ke nan. Motocin hannu da ake shigo da su kuma da yawa an taɓa sake musu fenti a wani ɓangare, kaurin ƙofa da na murfin inji ba ɗaya ba, don haka duk ɓangaren da launinsa ko santsinsa ya bambanta a yi masa nasa gwajin. Takardar yashi mai lamba 2000 ko 3000 da ake gogawa da ruwa, mai koyo ya bar ta tukuna har ya gwada hannunsa a tsohuwar ƙofa daga wurin masu kayan gwangwan.

In ka gama fili, share da tawul mai laushi na maikurofaiba, ka fesa alkol da aka surka, kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyar, ka sake sharewa. Maiƙon man guga yana ɓoye zane, alkol ne ke tona shi. Haska da tocila daga gefe ka duba kafin ka matsa gaba.

Fentin da aka goge tsirara yake, sai an shafa masa kakin mota siriri, a bar shi ya yi hazo-hazo, a share. A zafinmu kakin ba ya wuce wata biyu zuwa uku sai an sabunta. Motar da ta fito daga sabon fenti kuwa a jira aƙalla wata ɗaya kafin kaki, in mai fentin ya ce fiye a bi maganarsa. Kashin tsuntsu da ruwan itace, ga masu ajiye mota ƙarƙashin dogon yaro, a jiƙa su a ɗauke a ranar, don suna cin berni. Wanda zai lulluɓe mota da tamfol ya wanke ta tukuna, in ba haka ba iska za ta riƙa goga tamfol ɗin a kan ƙura dare guda.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu masu sana'ar gyaran fentin mota,
Damagaram