A Bar Kiɗan McLaughlin Ya Kai Ƙarshe

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu shirin kaɗe-kaɗe a gidajen rediyo. A daren Asabar da ta wuce wata tasha ta sa faifan da makaɗin jita ɗan Ingila, John McLaughlin, ya yi tare da makaɗan jita Al Di Meola da Paco de Lucía, faifan da aka naɗa a gaban jama'a a San Faransisko cikin Disambar 1980, amma kafin a yi minti uku sai aka katse shi da tallar sabulu.

Irin wannan kiɗa ba ya son gaggawa. Jita ce zalla, babu ganga, babu mawaƙi, wannan ya jefa wancan ya cafe, kuma daɗin yana daidai inda yatsu suka ɗauki zafi har 'yan kallo suka ɓarke da shewa, abin da ba a samu a naɗin situdiyo.

McLaughlin, wanda ya yi kiɗa da mai busa ƙaho ɗan Amurka, Miles Davis, a 1969 kafin ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Mahavishnu Orchestra a 1971, ya saba jan zare da tsawo. A wasan ƙungiyarsa ta Shakti na 1975, inda makaɗi ɗan Indiya Zakir Hussain ya kaɗa tabla, wato ƙananan gangunan Indiya, kiɗa guda ya kai kusan rabin sa'a. Saboda haka ina roƙon a riƙa sa tallar tun kafin faifan ya fara juyawa.

Naka,
Mai karatu daga Zariya