Launi uku sun haɗu a bangon ɗakina

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin can? Mutanen gida kowa lafiya. Inna tana gaishe ka, ta ce tun da ka tafi babu mai cinye mata ɗumamen safe.

Ka tuna majigin nan da muka sha musu a kansa kafin tafiyarka, wanda zai riƙa zane a bango da hasken leza? To, zuciyarsa ta kammala. 'Yar aba ce da ba ta kai tafin hannuna ba, a kan farantin alminiyom mai kauri domin ya sha zafi, da ƙaramar fanka a gefe. Dayod uku ne a ciki, wato 'yan ƙananan fitilun da ke fitar da hasken leza: ja mai nanomita 638, kore mai 520, shuɗi mai 450 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ke nuna launinsa).

Shawararka ta in ciro ja daga tsohuwar na'urar buga faifan DVD, na gwada. Yana ci, amma nasa wajen 660 ne, ido ba ya ganinsa sosai, sai ka ga kamar garwashin da ya fara mutuwa. Idon ɗan Adam ya fi kama haske a wajen 555, shi ya sa kore ɗan kaɗan ya isa, ja kuwa sai an ba shi ƙarfi. Koren ma ban yi amfani da irin na 'yan tocilan nan masu 532 ba, domin su asalinsu haske ne na 808 da ake bi da shi ta cikin wasu duwatsu kafin ya koma kore, kuma zafi ko sanyi kaɗan sai su canja hali. Shuɗin shi ne mai arha a cikinsu, tun da Casio ta fito da majiginta masu leza a 2010 masu son wasa irinmu suka fara farke su suna kwasar dayod.

Shuɗin farko ni na kashe shi da hannuna. Ka san hunturun nan, iska a bushe ƙamas. Na tuɓe rigar sanyi, na kai hannu na taɓa ƙafar dayod ɗin, ko ƙarar tartsatsi ban ji ba, ashe wutar da ta taru a jikina ta lalata shi. Da na ba shi wuta sai ya yi wani haske dishi-dishi kamar fitilar cajar waya. Kuɗi sun tafi, ga jiran wani na mako biyar. Yanzu ƙafafunsa a ɗaure suke da siririyar waya har sai na gama liƙa dalma, ni ma da igiyar da ke sauke wutar jiki a wuyan hannu. Kowanne kuma da nasa direba mai tsayar da yawan wutar da zai sha, ana ƙara masa haske ko a rage da bolt 0 zuwa 5.

Amma duk wannan wasa ne. Inda na ci kwakwa shi ne haɗa su ukun su bi hanya ɗaya. Akwai wasu ƙananan madubai biyu, kowanne kamar farcen babban yatsa, masu barin wani launi ya wuce su mayar da wani. Ana kafa su a karkace, digiri 45. Ja ya ratsa na farko, kore ya faɗo daga gefe ya bi shi, a na biyu shuɗi ya shigo. A takarda abu mai sauƙi. A zahiri, sai ka daidaita su a bakin akwatin, ka ɗaga kai ka duba bango, ka tarar da ɗigo uku kowa ya kama gabansa. Ka daidaita na bango, na kusa ya rabu. Dole su haɗu a kusa kuma su haɗu a nesa, wato tsayin dayod da karkatar madubi duka sai sun yi daidai. Na riƙa cusa ɓallin gwangwanin lemo a ƙarƙashin koren don in ɗaga shi, ina juya sukuru da abin da bai kai kaurin gashi ba.

Jan kuma da nasa taurin kan. Haskensa ba zagayayye ba ne, faffaɗa ne kamar zirin kaset, yana ƙara buɗewa in ya yi nisa. Sai da na sa masa gilasai biyu masu lanƙwasa ta gefe ɗaya kafin ya yi kusan girman sauran. A dare na uku komai ya zauna, na ɗiga gam don madubin kada ya motsa, na kwanta. Da safe gam ya bushe ya ja madubin. Wallahi na daɗe zaune ina kallon bango ban ce komai ba. Yanzu ɗigon gam biyu nake sawa, ɗaya a kowane gefe, su ja juna.

Daren Laraba ne na gan shi. An ɗauke wuta, ina kan batir, ɗakin duhu, ƙurar hunturu tana yawo. Na ɗaga ja, na ƙara kore, zaren ya koma rawaya. Na shigo da shuɗi a hankali, ya bi ta ruwan hoda, sai ga shi fari tas, siriri, ba ja a gefensa ba kore. Har yanzu in ka wuce mita goma jan yana ɗan leƙowa ta gefe, amma na bar shi haka.

Kada ka damu da idona. In an haɗa ƙarfinsu ya haura miliwat 500, aji na 4 ke nan, mafi haɗari a rabe-raben leza, ko wanda ya dawo daga ƙarfe mai ƙyalli yana iya ɓata ido. Ina cire agogo, in kulle ƙofa saboda yaran Yaya, kuma a mafi ƙarancin haske nake daidaitawa.

Ga roƙona. Saura madubai masu motsi da za su riƙa yawo da hasken, waɗanda ake kira galbo. Ka duba mini a can, guda biyu da allonsu, masu gudun ɗigo 20,000 zuwa 30,000 a daƙiƙa, masu karɓar tsarin ILDA, wato tsarin da ake aika wa majigin leza umarnin zane da shi. Ka haɗa da tabarau na kariya na gaske, wanda aka rubuta lambobin launin da yake tarewa a jiki, ba na masu walda ba. Ka faɗa mini kuɗin, in bai wa ƙaninka a nan.

A gaida abokan zama. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
abokinka na Zariya