Yaran da suka ga tashin hankali, a gwada musu wasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ɗan ƙanwata tun daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu ya daina magana, sai firgita da fitsarin kwance, an sha rubutu an yi hayaƙi shiru. Wata likitar ƙwaƙwalwa ce ta ajiye masa tiren yashi da 'yan tsana, ba ta tambaye shi komai ba, da kansa ya binne ɗaya a yashi yace "Baba ne", wallahi sai da na yi hawaye. Ashe a Amurka masu wannan aikin na jinyar yara ta hanyar wasa har ƙungiya gare su tun 1982. Gwamnoninmu don Allah ku tura ko malaman firamare ne su koyo.

Naku mai karatu, daga Gusau.