Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Yi a Kan Ciyawar Teku

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A taron rufe shekarar bara aka tsayar da cewa ƙungiyarmu ta masu bayyana kimiyya da Hausa za ta ɗauki batu guda ta riƙe har shekara ta zagayo, a bar tsince-tsincen da muka saba. Ƙuri'a ta faɗa kan ciyawar teku da abin da ɗumamar ruwa ke yi mata. Ni kaina ina cikin masu gunaguni a ranar, don yawancinmu a hoto kawai muka san teku.

Gardamar suna ce ta cinye zaman farko. Wasu suka ce ai gansakuka ce. A ƙarshe aka tsaya a kan "ciyawar teku", domin tsiro ce sosai: tana da saiwa, tana fure, tana ba da iri, duk a cikin ruwan gishiri, kuma nau'inta ya kai wajen 70.

Daga nan kwamitin nazari ya kai mu gaɓar Shark Bay a yammacin Ostireliya. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011, zafin ruwan wurin ya haura yadda aka saba da digiri 2 zuwa 4, ya zauna haka wajen wata biyu, aka yi asarar ciyawa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000. Da farko mun ɗauka dahuwa kawai ta yi. Ashe maganar ta fi haka zurfi, kuma a nan muka fi daɗewa.

Ciyawar nan ba ita kaɗai take zaune ba. A cikin lakar da saiwarta ke ciki akwai ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da matattun ganye, suna fitar da sinadarin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda guba ne ga saiwa. Da rana ganyen na haɗa iskar oksijin ya tura ta ƙasa, ta tsatso ta jikin saiwa ta kashe kaifin gubar, wasu bakteriyar kuma su cinye saura. Idan ruwa ya yi zafi sai lissafi ya rikice. Masu fitar da guba su ƙara himma, ciyawar ta ƙara ƙona oksijin ɗinta, ruwan kansa ya kasa riƙe iska kamar da. Cikin dare, sa'ad da babu hasken rana, gubar ta samu ƙofa. Ana danganta mutuwar ciyawa a gaɓar Florida ta Amurka a 1987 da 2015 da irin wannan, haɗe da yawan gishiri a ruwa. A Banc d'Arguin ta Muritaniya kuwa, ƙananan halittu masu ƙwanso ne ke taya ciyawar gadi, bakteriyar da ke jikinsu na cinye salfaid ɗin.

Mun taɓo cutar da ta share wajen kashi 90 cikin ɗari na wani nau'in ciyawar a arewacin Tekun Atlantika a shekarun 1930, wadda ƙwayar Labyrinthula ke haddasawa, amma lokaci bai bari mun zurfafa ba.

Aikin da ya fi faranta mana rai shi ne na ranar 1 ga Maris, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ciyawar teku tun 2022. Mun je wata makarantar sakandare da wake da muka shuka a gwangwani. Malama ma'ajiyarmu ta tuge ɗaya, ta kakkaɓe ƙasa, ta tsaga wani ƙululu na jikin saiwar da farce, yara suka ga cikinsa ja-ja. Ta ce musu nan ne bakteriya ke sama wa wake takinsa daga iska, kuma a 2021 masana a Jamus sun gano irin wannan zaman amana a cikin saiwar ciyawar Bahar Rum. Sai aka buɗe kwalabe biyu na baƙar lakar kududdufi, ɗaya ta yi mako biyu a rana, ɗaya a inuwa. Da aka cire murfin ta rana, layin gaba duk suka toshe hanci. Ba gwajin da za a kafa hujja da shi ba ne, lakar kududdufi ba ta teku ba ce, mun kuma faɗa musu haka. Amma har muka tafi yaran na ta tambaya.

Inda muka gaza kuma dole a faɗa. Ɗan littafin da muka yi alkawari bai fito ba, babi biyu na nan hannun waɗanda suka karɓa, ba labari. Zaman WhatsApp na wata-wata ya yi rauni tun shigowar damina, sau da yawa fuskoki ɗaya ake gani. Kuɗin ƙungiya ma da yawa ba su biya ba, har sai da wasu suka yi kuɗin mota daga aljihunsu ranar zuwa makaranta. Ma'aji za ta karanta bayanin kuɗi dalla-dalla a babban taro.

Kwamitin zartarwa na roƙon a ƙara wa wannan batu wata uku don a kammala littafin kafin a zaɓi sabo. Masu riƙe da babi su miƙo abin da suka rubuta kafin taron, ko da bai ƙare ba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya