Zuwa ga 'yata mai keken ɗinki

'Yata, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ran nan a taron Zumuntar Mata kika miƙe gaban jama'a kika tambaye ni: ke da ba ki da muryar waƙa, ba ki iya wa'azi ba, ɗinki kaɗai kika sani, me za ki kawo in an ce kowa ya miƙa wa Allah baiwarsa cikin addu'a? Wasu suka yi dariya, lokaci kuma ya ƙure mana. Na gan ki kin koma kin zauna kina murza bakin ɗankwali. Tunda a fili kika tambaya, a fili zan amsa.

Laifinmu ne mu manya. Mun saba kiran mai riƙe makirufo "mai baiwa", sai ka ce a maƙogwaro kaɗai baiwa take zama. Buɗe Fitowa 35. Da za a kafa alfarwa ta sujada a jeji, Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya haɗa shi da Oholiyab, ya cika su da gwanintar sassaƙa da saƙa da ɗinkin ado. Mata kuwa suka zauna suna kaɗi, wasu zare shuɗi da shunayya, wasu gashin awaki. Ga kuma Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni 9. Ko kalma ɗaya daga bakinta ba a rubuta mana ba. Amma da ta rasu aka kirawo Bitrus daga Lidda, rigunan da ta ɗinka ne gwauraye suka riƙa nuna masa suna kuka.

Sai dai ki sani, addu'ar nan tana da tsada. "Ubangiji, na ba ka komai nawa" ba wuyar faɗi, domin "komai" ba shi da ranar karɓa. Ni ma na sha faɗinsa ina budurwa cikin 'yan waƙa, har da hawaye. Ranar da aka ba wata jan baitin da na saba ja, wata uku na yi ina kumburi a kujerar baya. Ashe na miƙa muryar, amma igiyar tana hannuna.

Don haka ki kira abu da sunansa. Da safe, kafin ki taka keke, ɗora hannu a kansa ki ce: "Ya Uba, ga idona, ga yatsuna, ga almakashina, ga bakin da nake yi wa mutane alkawari da shi." Na ƙarshen nan shi ne mai nauyi. Disamba na tafe, kin san halin teloli. Mai iya gama kaya goma sai ta karɓi talatin, ranar jajiberin Kirsimeti uwa ta zo da 'ya'yanta ta tarar ko yanka atamfar ba a yi ba, a ce mata "gobe in Allah ya yarda". Bakin da aka miƙa wa Allah ba ya jawo sunansa cikin irin wannan. Rabin yadin da ya ragu na mai shi ne, ki naɗe masa cikin leda. Yarinyar da ke koyo a wurinki, ki nuna mata yankan hannun riga, kada ki bar ta shekara biyu tana guga da sa maɓalli.

Wani abu kuma, kada kowa ya ɗauki wasiƙar nan ya zo ya ce ki ɗinka ankon zumunta kyauta wai ai kin miƙa wa Allah. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, haka yake a Luka 10:7, Bulus ma da sana'ar ɗinkin alfarwa ya riƙe kansa a Koranti. In zuciyarki ta ba ki ki ɗinka wa marainiya kayan makaranta, tsakaninki da Ubangiji ne, ba sai an sanar a coci ba.

Ina da atamfa turmi ɗaya tun bara a akwati. Ran Talata zan kawo miki, ki auna ni, ki faɗa mini ranar da zan dawo.

Mamanki cikin Ubangiji.