Yawan neman tabbaci shi ke ciyar da fargaba

Edita,

A ba ni fili a jaridarku in ja hankalin masu karatu kan wani hali da ake yabawa a matsayin taka-tsantsan, alhali yana cin mai shi a hankali. Akwai mutanen da zuciyarsu ba ta kwanciya sai sun tabbata babu abin da zai same su. Galibi masu riƙon amana ne, kuma su ke fara hango matsala a wurin aiki. Inda suke tuntuɓe shi ne hanyar da suke bi wajen neman kwanciyar hankalin.

Mutum ya tura saƙo, awa ɗaya shiru, sai ya buga waya: "Ko na ɓata maka rai ne?" Ya kulle ƙofa ya kwanta, ya sake tashi ya murɗa hannunta. Ya ji ciwon kai, ya raba dare a intanet yana karanta cututtuka. Kowanne yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, kuma sauƙin nan ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka dubawar ce ta tserar da shi, gobe ta nemi a duba sau biyu. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Salkovskis ya bayyana haka a 1991: dabarun kare kai suna hana mutum ganin cewa abin da yake tsoro ba zai faru ba ko da bai yi su ba.

Gyaran jinkiri ne, ba dainawa lokaci guda ba. Idan zuciya ta matsa sai an tambaya ko an duba, a auna tsoron daga 0 zuwa 10, a rubuta, a jira minti 10, a sake aunawa. Yawanci za a ga ya sauka da kansa. Mako na gaba a kai jiran minti 30, sannan awa guda. Abu biyu ke ɓata aikin: farawa da abin da ya fi tsoratarwa, wanda ke sa a gudu tun ranar farko, da daina dubawa da hannu a koma yi a zuci, ana ta tariyar ko an kulle. Wannan ma dubawa ce, sai dai ba a gani.

Su ma 'yan uwa suna da hannu, ko da yake tausayi ne ke sa su. Wanda ke amsa tambaya ɗaya sau goma ba taimako yake yi ba. A yi yarjejeniya lokacin da hankali ke kwance cewa amsa ɗaya ce, in an maimaita a ce cikin taushi, "Ai mun gama wannan maganar."

Ga saƙe-saƙen zuci kuwa, dabarar da wani masanin halayyar ɗan Adam, Thomas Borkovec, ya gabatar a 1983 tana aiki: a ware rabin awa kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, nesa da lokacin barci kuma ba a kan gado ba. Damuwar da ta taso da rana a rubuta ta a ajiye sai lokacinta. A zaman, wadda ke da mafita a sa mata mataki ɗaya da ranar yi. Wadda ta fara da "to idan kaza ya faru fa" ba ta da amsa, a bar ta a takarda.

Haka ma yawan neman shawara. Mutum biyar ra'ayi biyar, sai ruɗu ya ƙaru. A tambayi biyu, a tsai da rana, a yanke.

Idan damuwar ta mamaye mafi yawan kwanaki har wata 6, tana hana barci ko aiki, a ga likita, don yawan aikin ƙwayar maƙogwaro ta tayirod ma kan kawo bugun zuciya da rawar jiki irin na fargaba. Kada kuma a sayi maganin kwantar da hankali irin su diazepam ba da takardar likita ba, jiki na iya sabawa da shi cikin 'yan makonni.

Daga wani mai karanta jaridarku